Landan zuwa Tokiyo kilomita 9,600 ne, to me ya sa tikiti ya ce awa 14?

"Salam Malam. Zan je Tokiyo daga Landan cikin watan Janairu, na duba a intanet na ga nisan wajen kilomita 9,600 ne, kuma na ji ana cewa jirgi yana gudun kilomita 900 a awa ɗaya, da na raba sai na samu awa 10 da minti 40. Amma tikitina ya nuna zuwa awa 14, dawowa 14 da rabi. Abin da ya ƙara rikita ni kuma, zan tashi ƙarfe 7 na dare in sauka 6 na yamma washegari, a dawowa kuwa zan tashi 10 na safe in sauka 3 da rabi na rana a ranar. Wai wanne ne gaskiya? Ko juyawar duniya ce take kawo haka? Kuma in na canza zuwa mai tiransit zai fi sauri?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Duk lambobin da ka kawo daidai ne, babu wanda ya yi maka ƙarya a ciki, kowanne dai da abin da yake aunawa. In na fahimce ka abu uku ka dunƙule waje ɗaya: ina awa ukun nan da 'yan kai suka shige tsakanin lissafinka da na tikiti, me ya sa zuwa da dawowa ba su zo ɗaya ba, sannan me ya sa agogo yake nuna kamar zuwa awa 23 ne dawowa kuma 5 da rabi. Aikina kenan tsara wa jiragen dogon zango hanya da lissafin mai kafin su tashi, dan haka bari in bi maka su yadda muke bin su a ofis. Zan fara da na agogon dan shi ya fi sauƙi.

Tikiti kullum lokacin garin da za ka tashi da lokacin garin da za ka sauka yake rubutawa, kowanne da agogonsa. Tokiyo tana gaban Landan da awa 9 a lokacin sanyi, a lokacin zafi kuma 8, saboda Birtaniya tana matsa agogonta gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, Japan ko ba ta taɓa nata. Toh ka tashi 7 na dare, ka ƙara awa 14, ƙarfe 9 na safe kenan a Landan, ka ɗora 9 a kai ya zama 6 na yamma a Tokiyo. A dawowa 10 na safe da awa 14 da rabi ya kai 12 da rabi na dare a Tokiyo, ka ɗebe 9, ga 3 da rabi na ranarka nan. Shi ya sa mu a wajen aiki ba ruwanmu da agogon kowane gari, komai da UTC muke rubutawa, wato agogo ɗaya na bai-ɗaya da duniya take aiki da shi, in ba haka ba da kullum sai an yi rigima da matuƙa.

Wace hanya ce kilomita 9,600 ɗin?

Wannan lambar da intanet ya ba ka ita ce hanya mafi kusa tsakanin garuruwan biyu a kan doron ƙasa, wadda ake ce wa babbar da'ira. In kana da gulob, wato taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ko ka samu dama ka taɓa ɗaya, ka ɗauki zare ka danne bakinsa ɗaya a Landan ɗayan a Tokiyo ka ja ya miƙe sosai, za ka ga zaren bai bi ta tsakiyar Turai da tsakiyar Asiya yadda ido yake zato ba, arewa ya hau ta Sikandinebiya, ya ratsa arewacin Rasha da Saiberiya, sannan ya gangaro Japan ta sama. A taswirar da muka saba gani a bango wannan hanyar kamar baka take fitowa, har mutum ya ce ai zagaye jirgin yake, alhali taswirar ce ta buɗe ƙasashen arewa fiye da kima. Irin taswirar da wani mai zanen taswira Mercator ya fitar tun 1569 ce, ita ce take nuna Girinlan kamar ta kai Afirka girma bayan kuwa Afirka ta ninka ta wajen sau 14.

Kafin 2022 kusan a kan wannan zaren jirage suke bi, Landan zuwa Tokiyo awa 11 da rabi zuwa 12, dawowa 12 da ɗan wani abu. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, Birtaniya da Tarayyar Turai suka rufe wa jiragen Rasha samaniyarsu, Rasha ita ma ta rama, kamfanonin Japan kuma suka daina bi ta can. Kaga tunda galibin zaren a kan Rasha yake kwance, dole a nemi wata hanya, kuma biyu ne kawai suka rage. Ta kudu: a ratsa Turai, a bi ta Turkiyya da kudancin Bahar Aswad, a ƙetare Tekun Kasfiyan, Kazakistan, arewacin Chaina, Koriya ta Kudu sai Japan, wannan ta haura kilomita 11,000. Ko ta arewa: daga Tokiyo a nausa gabas kan Fasifik, a hau ta Alaska, a ƙetare arewacin Kanada da Girinlan a gangaro Birtaniya ta sama, wannan kuma wajen 12,000 ce ko fiye. Nan mafi yawan awanninka uku suka tafi. 'Yan Finnair, kamfanin jiragen Finlan, ma sun ji jiki sosai, Helsinki zuwa Tokiyo da take wajen awa 9 ta koma 13.

Abin ma ba sabo ba ne. Zamanin yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyat ta hana ratsa Saiberiya, jiragen Turai zuwa Japan a Ankorej ta Alaska suke yada zango su sha mai, kamfanin jiragen Sikandinebiya SAS ne ya buɗe wannan hanyar daga Kofanhegin tun 1957. Bambancin yau kawai jiragen yanzu irin su Boeing 777 da 787 da Airbus A350 suna da numfashin da za su yi ta a tashi ɗaya.

Ko a hanyar kudun ma ba miƙewa ake ɗoɗar ba. Akwai tsaunukan Tibet da ake kauce wa, dalili shi ne in iskar cikin jirgi ta zube dole matuƙi ya sauko wajen ƙafa 10,000 inda mutane za su iya numfashi da kansu, a Tibet kuwa ƙasar kanta ta fi haka tudu, ina za ka sauko? Sannan kowace ƙasa tana da layukanta na sama da ƙofofin shiga da fita, Chaina musamman ba ta barin ka yanke inda ka ga dama. A ta arewa kuma abin da muke ido a kai filayen saukar gaggawa ne, saboda jirgi mai inji biyu yana da iyakar mintunan da aka yarda ya yi nisa da filin da zai iya sauka in inji ɗaya ya mutu, dokar ETOPS kenan, da farko minti 60 ne aka kai 120 a 1985 sannan 180, yanzu wasu jiragen suna da 330 har 370. Ga sanyi, man Jet A-1 yana fara daskarewa a digiri 47 ƙasa da sifili, in matuƙi ya ga zafin man tankin fiffike yana matsowa can sai ya ƙara gudu ko ya sauko inda iska ta ɗan fi ɗumi, kowanne kuma yana taɓa lokaci da mai.

Maganar kilomita 900 a awa

Wannan gudun na tsakiyar tafiya ne, bayan jirgi ya gama hawa ya daidaita a ƙafa 35,000 zuwa 41,000. Kafin ya kai can yana cin minti 20 zuwa 30 yana hawa, a ƙasa da ƙafa 10,000 kuma yawanci ba a wuce not 250, wato wajen kilomita 460 a awa, haka in zai sauka tun saura rabin awa yake fara rage gudu yana gangarowa. Jirgin da ya ɗauko man awa 14 ma nauyi ba ya barinsa ya hau can sama kai tsaye, sai ya fara a ƙasa-ƙasa, in ya ƙona mai ya yi sauƙi ya ƙara hawa mataki-mataki.

Kuma awa 14 ɗin da ke tikiti ba duka a sama za ka yi su ba. Lissafin daga lokacin da aka cire weji daga tayar jirgi aka tura shi baya yake farawa, sai an saka weji a ɗaya filin yake tsayawa. Fili irin Heathrow na Landan mai titin tashi da sauka biyu kacal ga cunkoso, minti 20 a layi kafin tashi ba komai ba ne, in za ka sauka da safe kuma suna da wurare huɗu a kewayen Landan inda jirage suke shawagi suna jiran layi, Bovingdon da Lambourne da Biggin Hill da Ockham. Kamfani ya san da haka, shi ya sa yake ƙara 'yan mintuna a jadawali, wani lokacin ma har da ɗan ƙari dan a ce ya iso a kan lokaci. In ka ji kyaftin ya ce tafiyarmu yau awa 13 da minti 10 ce bayan tikiti ya ce 14, na sama kawai yake faɗa maka.

Me zai hana a taka jirgin ya fi haka gudu, tunda injin zai iya? Zai iya ɗan ƙarawa kam, amma yana matsawa kusa da gudun sauti iska take ƙara turje masa, man da zai sha ya tashi sosai dan ribar 'yan mintuna. Manyan jiragen nan tsakanin kashi 83 zuwa 85 cikin 100 na gudun sauti suke zama. Concorde ce jirgin fasinja da ta ƙetare wannan katangar ta gudun sauti, a Fabrairun 1996 ta yi Niyu Yok zuwa Landan cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59, amma shan mai da tsada suka kwantar da ita a 2003, kuma ko tana nan ma ba ta da zangon da za ta kai Tokiyo a tashi ɗaya.

Iska, wadda ita ce rabin aikinmu

Gudun 900 ɗin nan a cikin iska jirgi yake yinsa, iskar kuma ita ma tafiya take. Kamar mai kwale-kwale ne a kogi, tuƙinsa ɗaya ne amma in ya bi ruwa nan da nan ya isa, in ya juyo yana fuskantarsa sai ya yi gumi. A tsayin da jirage suke tafiya, kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wata siririyar iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, jet sitirim muke ce mata, a lokacin sanyi ta fi ƙarfi, kilomita 150 zuwa 250 a awa abu ne na yau da kullum, wani lokacin har ta haura 400. Kuma ɗaya daga cikin wuraren da ta fi tsanani a duniya shi ne daidai saman Japan ɗin da za ka, a can ma wani masanin yanayi Wasaburo Oishi ya fara auna ta da balan-balan a shekarun 1920.

Bari in ba ka misali da hanya mai sauƙi, Landan da Niyu Yok, wajen kilomita 5,550. In babu iska sam, a gudun 900 awa 6 da minti 10 ce. Sa iska mai 150 a bayansa, gudunsa a ƙasa ya zama 1,050, awa 5 da minti 17. Juyo da shi ya fuskance ta, 750, awa 7 da minti 24. Ka lura da kyau, ribar da ya ci minti 53 ce amma asarar minti 74, saboda ya fi daɗewa a cikin iskar da take ture shi fiye da wadda take tura shi. Mutane da yawa suna ɗauka zuwa da dawowa sai su biya wa juna, ba sa biya. A Fabrairun 2020 lokacin guguwar Ciara wani Boeing 747 na British Airways ya yi Niyu Yok zuwa Landan a awa 4 da minti 56, gudunsa a ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, bai kuma fasa katangar sauti ba dan a cikin iskar da ta ɗauke shi gudunsa na kullum yake.

Yadda abin yake a teburina shi ne, hasashen iskar sama yana shigowa sau huɗu a rana daga cibiyoyi biyu, ɗaya ta Birtaniya ɗaya ta Amurka, kwamfuta ta haɗa shi da nauyin jirgi da wuraren da aka rufe ranar ta jero mini hanyoyi, kowacce da kilomita nawa, minti nawa, tan nawa na mai, da kuɗin ratsa samaniyar ƙasashen da za a bi. Sau da yawa wadda ta fi tsawo a kilomita ita za ka gani a saman jerin ta fi gajarta a minti, dan ta karkata ta shiga cikin iskar ta hau bayanta, ko ta kauce mata in gaba take bugowa. Sai in duba taswirar girgiza, dan gefen wannan iskar nan ne jirgi ya fi jijjiga ko da sama tas take babu gajimare, in na ga layin ya ratsa wajen da aka yi wa ja sai in matsar da shi ko da zai ci minti 6 ko 7, dan na san in ban matsar ba kyaftin zai kira ni kafin ya sa hannu a takardar.

Wannan ne ya kawo wani abu da yake burge ni a hanyarka. Kamfanonin Japan sau da yawa daga Landan ta kudu suke bi, iska tana bayansu a kan Asiya, in za su koma Landan kuma maimakon su juyo su yi ta kokawa da ita awa da awanni sai su ci gaba gabas ta Fasifik da Alaska. Wato zuwa gabas, dawowa ma gabas, in aka yi sa'a kai da ka je ka dawo ka zagaye duniya kenan ba ka sani ba. Dawowar ta fi kilomita, shi ne rabin awar da ka gani a tikiti, da ta kudun za a juyo a watan Janairu da ratar ta fi haka.

Juyawar duniya kuwa, a'a, ba ta zame ƙasa daga ƙarƙashin jirgi. Iskar da ta lulluɓe duniya tare suke juyawa, jirgin ma tun yana ajiye a fili yake cikin wannan juyin. Da yadda kake tunani ne ai da tafiya yamma ce za ta fi sauri tunda duniya gabas take juyawa, ga shi kuwa akasin haka ake gani. Hannun da juyawar take da shi a ciki ta bayan gida ne, ita da bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryoyinta su suka sa wannan iskar take kaɗawa daga yamma.

In kana son lissafin kai da kai nan gaba, ka raba kilomita da 850 maimakon 900, ka ƙara minti 30 zuwa 45 na ƙasa, sannan in gabas za ka ka rage kaɗan, in yamma ka ƙara. Gwada da 9,600 za ka samu wajen awa 12, daidai yadda take kafin 2022. Gwada da 11,500 za ka ga ta faɗo kan 14. Amma fa wannan lissafin na dogon zango ne, a tafiyar kilomita 500 ba ya aiki sosai dan kusan rabinta hawa da sauka ne. Ka kuma kula da ma'aunin da shafin ya yi amfani da shi, wani mil yake ba ka wanda yake kilomita 1.609, mu kuma mil na teku muke aiki da shi mai kilomita 1.852, nisa ɗaya sai ya fito maka 9,600 nan, wajen 5,960 can, 5,180 a wani wajen.

Tiransit zai fi sauri?

Ba zai fi ba. Ta Doha ko Dubai, zangon farko wajen awa 7, na biyu wajen 10, ga zaman jira awa 2 ko 3 in an yi dace, ka doshi awa 20 kenan. Wanda ya ɗan matso kusa shi ne ta Chaina, dan kamfanonin can har yanzu suna ratsa Rasha, Landan zuwa Beijin wajen awa 10, daga nan zuwa Tokiyo 3 da ɗan kai, amma da ka sa zaman jira a kai ka wuce 14 ɗin da kake gudu. Ni a ganina in dai lokaci ne damuwarka ka bar tikitinka yadda yake. Tiransit yana da ranarsa ga wanda ba ya iya zaman awa 14 a kujera ɗaya, kamar mai ciwon baya ko mai tafiya da ƙananan yara, ko in rangwamen da aka yi masa ya kai ya sayar da awa shida. In ka zaɓe shi to ka tabbata zangon biyu a tikiti ɗaya suke, dan in na farko ya makara kamfani ne zai nema maka wani, in ko daban-daban ka saya kai ka jiyo.

Abin da lissafina ba zai ba ka ba tun yanzu shi ne mintunan ranar tafiyarka, dan mu kanmu sai saura 'yan awanni a tashi muke rufe hanya, kuma iskar Janairu tana iya matsar da lokacin rabin awa gaba ko baya daga yau zuwa gobe, ballantana in aka wayi gari wata ƙasa a kan hanyar kudu ta rufe samaniyarta. Abin da zai fi maka amfani, ka ɗauki lambar jirgin da ke tikitinka ka saka a shafin bin diddigin jirage irin Flightradar24 ko FlightAware in saura mako guda, za ka ga layin da ya bi da awannin da ya yi a kwanakin baya, daga nan za ka gane ko ta Alaska za ka dawo ko ta Kazakistan. In kuma akwai wani jirgi ko jirgin ƙasa da za ka kama bayan ka sauka, ka bar masa aƙalla awa 3 daga lokacin da tikiti ya ce, dan bayan an saka weji akwai layin imigireshan da jiran kaya, su kuma ba sa cikin awa 14 ɗin.